Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu shirya katun ɗin barkwanci a intanet, da masu ɗora musu murya, da masu tura su a wayoyi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa abokan sana'a.

Mun rubuto muku ne a kan katun ɗin ban dariya da ake yi don manya amma yake ƙarewa a hannun yara, da kuma abubuwan tayar da hankali da ke shiga cikinsa ba tare da an faɗa wa mai kallo ba. Buƙatarmu guda ce: duk wanda ya saki katun mai jini, ko tsoro, ko batsa, ko walƙiyar haske mai ƙarfi, ya sa gargaɗin a cikin jikin bidiyon kansa, da rubutu da murya, kuma ya faɗi takamaimai abin da ke ciki. Sauran abin da za mu faɗa bayani ne na dalili da yadda ake yi.

Bari mu fara da Happy Tree Friends, domin shi ne misalin da ya fi fito da matsalar a fili. Kamfanin Mondo Media na Amurka ne ya fara sakinsa a intanet a 1999, aikin Aubrey Ankrum da Rhode Montijo da Kenn Navarro. 'Yan dabbobi ne masu manyan idanu da launi mai haske, zomo da kurege da makamantansu, ga waƙar buɗewa irin ta makarantar rainon yara. Minti ɗaya bai cika ba sai a ga an ƙwaƙule ido, an feɗe fata, hanji a waje, dabbar tana ihu. Masu shi ba su ɓoye cewa ba na ƙananan yara ba ne, sun rubuta hakan. Amma dabbobin ba sa magana da wani harshe da ake ji, gwalan-gwalan kawai suke yi. Saboda haka yaron da ke Kano ko Maraɗi, wanda bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, zai gane komai daga farko har ƙarshe, sai dai abu ɗaya: gargaɗin, wanda shi kaɗai ne aka rubuta da Turanci. Uwar da ta leƙo ta ga zomo mai launin ruwan ƙwai tana da hujjar komawa aikinta da kwanciyar hankali.

Wasu za su ce ai Tom and Jerry ma duka ne tun 1940, kuma dukkanmu da shi muka tashi. Akwai bambanci, kuma wanda ke zane ya fi kowa saninsa. A wancan, ƙarfe ya faɗo wa kyanwa ta baje, sai a hoto na gaba ta miƙe garau, babu jini, babu raɗaɗin da ya wuce sakan biyu. A irin Happy Tree Friends raɗaɗin ne abin dariyar: ana jan sa, ana matso da kyamara kan raunin, ana ƙara sautin tsagewar nama. Babba yana dariya ne saboda ya san ana yi wa katun ɗin yara shaƙiyanci. Yaro ɗan shekara biyar bai san da wannan shaƙiyancin ba. Abin da ya gani shi ne an yanka abin da ya fara so.

Wannan salo bai tsaya nan ba. Salad Fingers na David Firth ya fito a 2004. The Amazing Digital Circus na Glitch Productions ya fito a Oktoban 2023 da launukan kayan wasan yara, alhali labarinsa na mutane ne da suka maƙale a wata duniya suna neman zaucewa. Waɗannan ayyuka ne na ƙwararru, masu sauraronsu ma an san su, kuma ba ma neman a hana su. Mafi muni shi ne abin da ya fallasa a 2017, lokacin da aka gano tarin tashoshi a YouTube suna ɗaukar taurarin katun ɗin yara suna sa su cikin allura da duka da abubuwan kunya, don kawai su tara masu kallo. A Nuwamban shekarar YouTube ya ce ya goge bidiyo sama da 150,000 ya kuma rufe tashoshi fiye da 270.

To, me ya sa ba za mu bar wa YouTube aikin ba? Saboda a wajenmu bidiyo ba ya zama a inda aka ɗora shi. Mutum ɗaya ya sauke, ya tura wa goma ta Xender, mai shagon turi ya zuba a memori tare da fina-finai ɗari, wani ya yanko sakan talatin ya sa a WhatsApp. Da zarar fayil ya bar YouTube, shingen shekaru ya faɗi, bayanin da kuka rubuta a ƙarƙashin bidiyon ya ɓace, har taken ma sau da yawa ya koma jerin lambobi. Abin da ke tafiya da bidiyo duk inda ya je shi ne abin da ke cikin hotonsa da sautinsa. Ko a Rasha, inda hukuma ta sa tashar talabijin ta 2x2 ta cire Happy Tree Friends a 2008, haramcin bai taɓa fayil ɗin da ke wayoyin mutane ba.

Don haka ga yadda muke roƙon a yi katin gargaɗi. A sa shi a farkon bidiyo, kafin tambarin tasha, kafin waƙa. Ya tsaya aƙalla sakan biyar, baƙin bango da farin rubutu manya, ba tare da wani zane mai jan hankali ba. Wani ya karanta shi da murya, da Hausa, a nitse, domin iyaye da yawa ba sa karanta boko, yaran da muke magana a kansu ma ba su fara karatu ba. Kada a sa ɗan wasan katun ɗin ya karanta shi da muryar barkwanci, domin yaro zai ɗauka wasan ne ya fara. Kuma a faɗi abin da ke ciki. "A yi hattara" ba ta gaya wa uba komai. A ce, misali: "Wannan katun na masu shekara 15 zuwa sama ne. Akwai jini da ƙarar bindiga da zagi." Hukumar tace fina-finai ta ƙasa a Najeriya tana da alamomin shekaru da suka haɗa da 12 da 15 da 18, kuma mutane sun saba ganinsu. A are su, ba sai an ƙirƙiro sabbi ba.

Katin farko kaɗai bai isa ba, domin mai yanka bidiyo shi yake fara cirewa. A ƙara ƙaramar alamar shekaru da za ta zauna a jikin hoton daga farko har ƙarshe. A nan ne da yawa ke kuskure: suna sa ta a kusurwa, kamar yadda gidajen talabijin ke yi. Bidiyon da aka yi a kwance, mai faɗin ɗigo 1920 da tsayi 1080, idan aka yanke shi a tsaye don TikTok ko WhatsApp, ɗigo 608 na tsakiya ne kawai ke saura. Kusurwoyin huɗu duk sun tafi. A sa alamar a sama, a tsakiya, cikin wannan yanki. Sunan fayil ma a fara shi da lambar shekarun, domin waya tana datse ƙarshen suna mai tsawo, farkonsa take nunawa.

A YouTube Studio kuma, wato shafin da mai tasha ke sarrafa bidiyonsa, akwai tambayoyi biyu da ake yawan gwamutsawa. Ta farko ita ce ko an yi bidiyon don yara ne. Wannan tambayar ta samo asali ne daga dokar Amurka ta kare bayanan yara: a 2019 an ci Google da YouTube tarar dala miliyan 170, daga Janairun 2020 kuma aka fara aiki da sabon tsarin. Idan ka amsa "e" don kawai aikinka zane ne, ka buɗe masa hanyar shiga YouTube Kids, manhajar da ake danƙa wa yara 'yan ƙasa da shekara 13, an kuma rufe maka sharhi, ta yadda babu ma mai iya sanar da kai cewa ka yi kuskure. Idan ka amsa "a'a", ba ka hana yaro ko ɗaya kallo ba, ka dai faɗi matsayin bidiyon ne a gaban waccan doka. Abin da ke hanawa shi ne tambaya ta biyu, ta taƙaita shekaru, wadda ke can ƙasa sai an buɗe ta. Idan ka zaɓi 18, wanda bai shiga da asusunsa ba ko bai kai shekarun ba ba zai gani ba, kuma yawancin shafukan waje ba za su iya kunna bidiyon ba. Mun sani talla za ta ragu ko ta tsaya gaba ɗaya, kuma mun san kuɗin data da na wuta da aka kashe. Duk da haka katun mai feɗe jiki ko tsiraici can ne muhallinsa. Sannan a kula da hoton bango da kalmomin nema. Kada a zaɓi hoton da ya fi kowanne kyau da fara'a a bidiyon da cikinsa jini ne, kada kuma a rubuta "katun ɗin yara" don jawo masu kallo. Tun 2019 YouTube ke goge bidiyon da ke farautar yara da take ko hoto alhali cikinsa na manya ne.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu, domin shi ba ya jiran shekaru ko fahimta: walƙiyar haske. Ranar 16 ga Disamban 1997 tashar TV Tokyo ta nuna wani kashi na Pokémon inda ja da shuɗi suka riƙa musanyawa kimanin sau 12 a sakan, na 'yan sakanni kaɗan. An kai mutum 685 asibiti, galibinsu yara, wasu da farfaɗiya, wasu da jiri da amai. An dakatar da shirin wata huɗu. Kusan 3 cikin 100 na masu farfaɗiya ne haske ke tayar musu da ita, ta fi yawa a yara da matasa, kuma wasu ba a san suna da ita ba sai ranar da allo ya kayar da su. A katun ɗin barkwanci wurin da wannan ke ɓuya sananne ne: wuta ta ja mutum yana fari yana baƙi ana ganin ƙasusuwansa, fashewar bam, fitilar motar 'yan sanda, fitilun gidan rawa, tsawa.

Ƙa'idar da masu watsa shirye-shirye ke bi mai sauƙi ce. Walƙiya ɗaya ita ce haske ya tashi ya sauka, ko ya sauka ya tashi. Kada ta wuce uku a cikin kowane sakan ɗaya idan ta mamaye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na allo. A bidiyo mai firam (wato hoto ɗaya tsayayye) 25 a sakan, a bar aƙalla firam tara daga farkon walƙiya ɗaya zuwa farkon ta gaba. Ja mai kauri ya fi kowane launi haɗari, shigarsa da fitarsa kaɗai ana ƙirga su a matsayin walƙiya ko da haske bai canja sosai ba. Layuka masu fari da baƙi da suka wuce biyar-biyar, musamman idan suna juyawa ko rawa, irin da'irar da ake zanawa a idon wanda aka yi wa sihiri, su ma suna cikin lissafi. Kuma a tuna cewa an tsara ma'aunin rubu'in allo ne don talabijin da ake kallo daga nesa. Yaron da ya kifa waya a fuskarsa cikin ɗaki mai duhu, an ɗauke wuta, allon ya cika masa ido fiye da haka, don haka mu a rage ƙasa da iyakar.

Gyaran ba ya kashe barkwancin. Wanda wuta ta ja, a bar bango yadda yake, a sa jikinsa kaɗai ya yi karkarwa, gashi ya miƙe, hayaƙi ya fita ta kunne. Idan dole sai an canja launi, a yi tsakanin toka mai haske da toka mai duhu maimakon fari tas da baƙi ƙirin. Fashewa kuma a yi ta da haske ɗaya da ke dushewa a hankali cikin rabin sakan. Don dubawa, a tsayar da bidiyon a bi shi firam bayan firam ana ƙirgawa. A YouTube a kwamfuta maɓallin waƙafi da na aya suna yin wannan idan an tsayar da bidiyo. Akwai manhajar PEAT ta gano walƙiya mai haɗari da ake samu kyauta, akwai kuma gwajin Harding da gidajen talabijin na Ingila ke amfani da shi, wanda ake biya. Gargaɗin walƙiya a farko yana da amfani, amma cire walƙiyar ya fi, domin wanda bai san yana da ciwon ba ba zai kauce ba.

Sauti ma yana da nasa. Dabarar da ta yi yawa ita ce a rage murya sosai sannan a fashe da ihu. YouTube yana rage ƙarar bidiyon da ya wuce kimanin -14 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, amma matsakaicin bidiyon gaba ɗaya yake aunawa, don haka ihun sakan ɗaya a tsakiyar shiru yana wucewa da ƙarfinsa. Yaro ya ƙure ƙara don ya ji hirar, abin ji yana toshe a kunnensa, sai ihun ya same shi. A sa mai dakatar da ƙara (limiter) a -1 dB a kan babban layin sauti, a ɗaga hirar, a sauke ihun har ya zama bai fi maganar da ta gabace shi da yawa ba. A gwada da abin jin kunne mai araha, irin wanda yaran ke amfani da shi.

Sai abin da yaro zai iya kwaikwaya. Tambayar da za a yi wa kowane barkwanci ita ce: kayan da aka yi shi da su, akwai su a gidan mai kallo? Dutse mai nauyin mota da ya faɗo daga sama babu yaron da zai iya gwadawa. Ƙusa a ramin soket, fetur da ashana, leda a kai, leƙa rijiya, kurɓar fiya-fiya, ɓuya a cikin firji, taɓa janareta yana aiki, duk waɗannan suna tsakar gida. Idan ɗan katun ya yi ɗayansu ya tashi yana dariya da baƙar fuska, an koya wa yaro cewa sakamakon ke nan. A canja kayan zuwa abin da babu shi a duniya, ko a cire wurin. Batun kashe kai ya fi wannan tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga masu shirya fina-finai a 2019, kuma jigonta shi ne kada a nuna hanyar da aka bi ko yadda aka yi, kada kuma a nuna shi a matsayin mafita. Ra'ayinmu shi ne igiya a wuya ko kwalbar guba ba su da gurbi a katun ɗin dariya ko da an sa alamar 18.

Akwai wani ɗan wasa a Happy Tree Friends mai suna Flippy, tsohon soja, wanda duk ƙarar da ta tuna masa da yaƙi sai ya birkice ya hau kisa. Ga mai kallon da bai taɓa jin harbi ba, wasa ne. Mu kuwa cikin masu kallonmu akwai yaran Zamfara da Katsina da Barno da suka kwana a daji saboda wannan ƙarar, akwai waɗanda aka ɗauke musu uba. Ba mu ce kada a taɓa batun 'yan bindiga ko garkuwa da mutane ba, barkwanci yana iya cizon azzalumi fiye da huɗuba. Amma a duba wa ake yi wa dariyar. Idan wanda aka sace ne ake nunawa yana kuka yana fitsari a wando, an zaɓi ɓangaren da bai dace ba. A kuma daina ɗauko sautin harbi na gaske ko hoton gawa na gaske daga labarai a liƙa a katun. Haka abin yake ga gurgu da makaho da mai in'ina da mai taɓin hankali: idan lalurar ce kaɗai abin dariyar, gobe a makaranta za a kira wani yaro da sunan wannan ɗan katun. Wasan Fulani da Barebari ko na Kanawa da Zazzagawa yana tafiya lafiya ne domin ɓangarorin biyu sun san juna kuma kowa na ramawa. A intanet bidiyon yana isa ga wanda bai san da wasan ba, don haka a tsaya kan abin da za a iya faɗa a gaban dattijon wancan ɓangaren.

Lokacin da ya fi dacewa a kama duk wannan shi ne tun a rubutu da zanen tsara labari. Minti ɗaya na katun da ake zana hoto 12 a sakan yana cin zane 720, kuma wanda ya riga ya yi su ba zai yarda ya zubar ba. A ba wani da ba ya cikin masu rubutun ya karanta, zai fi kyau mai 'ya'ya ƙanana. Bayan an gama haɗawa a kalla sau uku: sau ɗaya babu sauti, don ido ya ga abin da dariya ke rufewa, sau ɗaya sauti kaɗai, sau ɗaya kuma a hankali a wuraren haske. A rubuta minti da sakan na duk abin da aka gani. Daga wannan takardar ake fitar da lambar shekaru da kalmomin katin gargaɗi.

'Yan'uwa masu ɗora murya, nauyinku ya fi yadda ake zato. Muryar Hausa a kan katun tana sa iyaye su saki jiki, su ɗauka na gida ne. Ku kalli kashin gaba ɗaya kafin ku karɓi aikin. Idan na asalin yana da katin gargaɗi, ku fassara shi ku karanta, kada ku yanke don rage tsawo. Idan ba shi da shi, ku sa naku. Tausasa zagi a fassara ba ya mayar da katun ɗin manya na yara muddin hoton yana nan.

Ku kuma masu shagunan turi, roƙonmu ƙarami ne. Ku raba jakar katun gida biyu a kwamfutarku, ta yara da ta manya, kada kalmar "katun" ta haɗe su. Sabon abu idan ya zo, ku tsallaka cikinsa a wurare uku ko huɗu kafin ku ajiye, minti biyu ya isa. Idan yaro ya zo da wayar mahaifiyarsa ya ce a zuba masa katun, daga jakar farko kaɗai za a zuba.

Game da bidiyoyin da kuka riga kuka ɗora: YouTube ba ya barin a musanya fayil a adireshi ɗaya, amma a cikin Studio galibi ana iya datse wani yanki ko a dusashe wani wuri a hoton ba tare da an rasa masu kallon da aka tara ba, ana kuma iya canja take da hoton bango da matakin shekaru a kowane lokaci. Ku fara da waɗanda ke da walƙiya, ku datse wurin yau. Sannan waɗanda aka yi wa alamar na yara bisa kuskure. Wanda ke buƙatar katin gargaɗi a cikinsa sai an sake ɗora shi sabo, a ɓoye tsohon, a kuma ba masu shagunan turi sabon fayil ɗin su maye gurbin wanda ke hannunsu.

Wassalam.

Daga wasu 'yan'uwanku masu aikin zane mai motsi da tace hoto da sauti.